Filogi, caja da wutar ƙasashen waje: tambayoyin matafiyan Kano

Da zarar Umara ta ƙarato, ko 'yan Kantin Kwari suka fara haɗa jaka za su tafi sari, sai tambayoyin nan su dawo. Ga waɗanda aka fi yi mini, da amsoshinsu.

Malam, Umara zan tafi. Cajata za ta shiga soket ɗin Saudiyya kuwa?

Za ta shiga, Alhaji. Filogi mai ƙafa uku masu kusurwa, irin wanda muka gada daga Ingila, shi ne Saudiyya ta tsayar a hukumance, ƙarfin wutarsu kuma bolt 230 ne kamar namu. Haka abin yake a Dubai da Ingila da Maleshiya da Gana. Sai dai a wasu tsofaffin gine-gine za ka iya cin karo da soket mai siraran ramuka biyu irin na Amurka, wani ma da wuta mai bolt 127.

Abin da ya fi damun alhazai dai ƙarancin soket ne. Mutum huɗu ko biyar a ɗaki, kowa da waya biyu, soket kuwa biyu kacal, balle a ce tantin Mina. Ka tafi da ekistenshin mai kyau guda ɗaya, za ka sha addu'ar abokan ɗaki.

To waɗanne ƙasashe ne sai da adafta?

Tun daga maƙwabta. Ka tashi daga Kano ka isa Maraɗi a yini ɗaya, amma soket ya canja: Nijar da Chadi da Kamaru tsarin Faransa suka bi, ƙafa biyu masu zagaye. Irinsa ne a Masar da Turkiyya da Jamus. A Sin, masu zuwa Guwanzu za su ga mai ƙafa biyu falle-falle, da kuma mai ƙafa uku wanda biyu daga ciki suka karkace. Indiya na amfani da mai ƙafa uku masu zagaye, irin wanda ake gani a tsofaffin gidajen gwamnati na nan.

In na sayi adafta, magana ta ƙare ke nan?

A'a, kuma nan ne ake yin asara. Adafta baki kawai take sauyawa, ba ta taɓa ƙarfin wutar da ke bi ta cikinta. Duk abin da bango ya bayar, shi take miƙa wa na'urarka.

Don haka juya cajarka ka karanta ƙananan rubutun da ke bayanta. In ka ga an rubuta 100–240V da 50/60Hz, to ko'ina a duniya za ta yi aiki, daga Japan mai bolt 100 zuwa Amurka da Kanada masu 120, har zuwa nan gida. Kusan duk cajar waya da ta kwamfutar hannu haka suke, shi ya sa adafta ke wadatar da su. In kuwa 220–240V kaɗai ka gani, kayan nan na ƙasashe irin namu ne.

Ni ban iya tafiya ba hita da dutsen guga. Yaya zan yi a Amurka?

Hajiya, ki bar su a gida. In wuta ta ragu da rabi, zafin da hita ke bayarwa yana raguwa zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Ruwan shayin da kike tafasawa cikin minti biyar sai ki gaji da jiransa. Taransifomar da za ta ɗauki nauyin dutsen guga kuwa ta fi dutsen kansa nauyi da tsada.

Haɗarin ya fi yawa a dawowa. Tsarabar da aka sayo a Amurka, mai bolt 120, in aka soka ta a wutar Kano sai dai a ji ƙauri. Na ga injin markaɗe sabo dal da bai yi daƙiƙa goma ba ya mutu, uwargida ko albasa ba ta zuba ba. Irin wannan sai da taransifoma mai rage wuta. Masu aski sun san wani abu kuma: kilifar Amurka an yi ta ne don wuta mai bugu 60 a daƙiƙa, tamu kuwa 50 ce, shi ya sa ko an rage mata ƙarfi takan yi ta ƙara kamar za ta tarwatse.

Mu dai tsinke muke sawa a ramin sama mu cusa filogi mai ƙafa biyu. Laifi ne?

Kowa ya yi, ni ma na yi. Amma 'yar ƙofar cikin soket ɗin da kake turawa da tsinken an sa ta ne don kada yaro ya zura yatsa, kuma ƙafa mai zagaye ba ta zama daram a rami mai kusurwa. Tana lilo, tana tartsatsi, soket yana zafi. A gidanka ka saba da naka; a otal ɗin wasu, in ya ƙone kai za ka biya.

Fawa-banki fa? An ce ana ƙwacewa a filin jirgi.

Ana ƙwacewa in an same shi a babbar jakar da za a sa a ƙasan jirgi, domin batirinsa na iya kamawa da wuta inda ba mai gani. A jakar hannu ake sa shi. Ƙa'idar da yawancin kamfanonin jirage ke bi ita ce kada ya wuce 100Wh, wato ma'aunin yawan wutar da batiri ke ɗauka. Mai 20,000mAh yana kusan 74Wh, ya tsallake. Manyan nan masu 50,000mAh da muke saya saboda rashin wuta sun wuce iyaka nesa. Wanda rubutun jikinsa ya goge ma yana iya jawo maka magana. Masu zuwa Sin su ƙara kula: tun 2025 jiragen cikin ƙasar ba sa yarda da wanda ba shi da tambarin CCC, wato shaidar ingancin kaya ta gwamnatin Sin.

Adaftar fa, a nan zan saya, ko sai na sauka?

Saya a nan. A Farm Centre ko Kasuwar Sabon Gari za ka samu, kuma da sauƙi a kan shagunan filin jirgi. Faɗa wa mai shago sunan ƙasar da za ka, ka sa cajarka a jikin adaftar ka girgiza. In ta yi sako-sako, ce masa ya ɗauko wata.