Lissafin Gayya: Me Sabon Furosesa Ke Ƙarawa?

Mene ne lissafin gayya?

Babban lissafi ne ake yankawa gunduwa-gunduwa, a raba wa kwamfutocin masu sa kai ta intanet. Misali, shirin GIMPS tun 1996 yake farautar manyan lambobin da ba sa rabuwa sai da kansu ko da lamba 1, shirin Folding@home kuma ya fara nazarin furotin a 2000.

Furosesa biyu, GHz ɗinsu ɗaya, me ya sa ɗaya ke barin ɗaya a baya?

GHz yawan bugu ne a daƙiƙa, bai faɗi nauyin da kowane bugu ke ɗauka ba. AVX, rukunin umarnin lissafi da Intel ta fito da shi a furosesoshinta a 2011, yana sarrafa lambobi 4 masu bit 64 a tashi ɗaya. Furosesan Intel mai suna Haswell na 2013 ya zo da FMA, wato ninkawa da tarawa cikin umarni guda. AVX-512 yana kwasar lambobi 8, kamfanin AMD ya sa shi a furosesansa na Zen 4 a 2022. Sharaɗin dai sai an rubuta manhajar don waɗannan umarnin. Prime95, manhajar GIMPS, tana cin moriyarsu sosai, amma manhajar da ba ta san da su ba, ƙaruwarta kaɗan ce.

To yawan ƙwayoyin furosesa (cores) fa?

Nan mutane ke asarar kuɗi. Idan aikin ya fi ƙarfin L3, wato ƙaramar ma'ajiya mai sauri da ke cikin furosesa, dole ƙwayoyin su yi layi suna jiran RAM, tamkar magina takwas da lebura ɗaya. Sa RAM sanda biyu maimakon ɗaya, sannan ka haɗa ƙwayoyi da yawa kan aiki guda, kada kowace ta ja nata. Intel kuwa, daga zubi na 12 a 2021, ta gauraya ƙwayoyi masu ƙarfi da masu tsimin wuta, kuma an rufe AVX-512 a cikinsu. Mai saye ya duba wannan.

A Kaduna me ke rage gudun?

Zafi. Umarnin AVX na jan wuta, kuma da furosesa ya doshi digiri 95 zuwa 100 yake rage gudu da kansa. A watan Maris da Afrilu, laftof ɗin gwanjo da ƙurar hunturu ta toshe wa fanka ba za ta jure ba. A buɗe a busa, a sauya man sanyaya furosesa, a saita BOINC, manhajar da ke gudanar da wasu ayyukan lissafin gayya, kan kashi 50 na ƙwayoyi da rana. In aka ɗauke wuta, aikin zai koma inda ya yi ajiya ta ƙarshe, don haka mai kwamfutar tebur ya nemi UPS ko inbata.