Fasto da mutanen ikilisiyarsa: ina iyaka take, kuma wa zai tsare ta?

Kiristoci a jihar Tahoua ba su da yawa, kowa ya san gidan kowa, kuma fasto ɗaya ne mai wa'azi, mai sulhun aure, mai rabon taimako, mai kai marar lafiya asibiti. Ga tambayoyin da dattawan ikilisiya da shugabannin zumuntar mata suka fi yi a kan wannan amana, musamman batun lalata tsakanin fasto da mutanen da ke hannunsa.

Idan baligai biyu ne, mace kuma ta yarda, don me ake ɗora wa fasto nauyin?

Don ba daidai suke ba. Ita ta zo tana cewa "Baba, ka yi mini addu'a", ta faɗa masa abin da ko uwarta ba ta sani ba. Shi ke da ta cewa a kan wanda zai samu buhun hatsi lokacin rani, da wanda za a biya wa ɗansa kuɗin makaranta. Wadda ke cikin wannan hali, "to" ɗinta ba yarda ce ta 'yanci ba. Ko da ita ce ta fara nuna so, aikinsa ne ya ƙi, kamar yadda likita ba ya kafa hujja da cewa majinyaciya ce ta nema. A 2 Sama'ila sura 11 da 12, sarki Dauda ne ya aika aka ɗauko Bat-sheba, kuma wurinsa annabi Natan ya tafi da tsawatawa, ba wurinta ba. Ikilisiyar da ta tsayar da su biyun gaban jama'a ta ce "sun faɗi cikin zunubi", ta ba su horo iri ɗaya, ta ɓoye cin amanar da ke ciki.

Su wa suka fi shiga haɗari a nan?

Matan da mazansu suka tafi ci-rani Abijan, Libiya ko Aljeriya suka shekara biyu ba su dawo ba. Gwauraye. Mata masu neman haihuwa. Ɗalibai mata daga ƙauye da aka ba fasto riƙo don su yi sakandare a gari, suna kwana cikin gidansa. Sababbin masu bi da danginsu suka juya musu baya, waɗanda ci da kwanansu ke hannun mutum ɗaya. Yara maza ma suna ciki, sai dai su ba a cika tambayarsu ba.

Ta yaya abin ke farawa?

Da wuya ya fara da taɓawa. Zaman shawara na rabin awa ya koma awa biyu. Fasto ya fara ba da labarin damuwar gidansa, har wadda ta zo neman taimako ta koma mai lallashi. Sai saƙon murya a WhatsApp bayan an yi barci, sai ƴar jika biyar "kada ki gaya wa kowa", sai addu'a a ɗaki maimakon majami'a. Alamar da ba ta ƙarya ita ce ɓoyo: duk saƙon da fasto zai goge kafin matarsa ta ɗauki salularsa, ya riga ya tsallake iyaka. Gajiya, kaɗaici da rashin wanda zai tambaye shi "ina ka je jiya?" su ke buɗe ƙofar.

Wace ƙa'ida ikilisiya za ta rubuta?

Shafi ɗaya ya isa, a karanta shi gaban jama'a, fasto da dattawa su sa hannu.

Zaman shawara ya kasance inda ake gani amma ba a ji: ƙarƙashin rumfa a harabar majami'a, ko ofis mai ƙofa buɗe da wani babba a kusa. Da rana, kada ya wuce awa ɗaya. Bayan zama uku ko huɗu a kan matsala guda, a haɗa mace da wata dattijuwa ta zumunta, ko a tura ta wurin ma'aikacin lafiya in abin na jiki ne ko na ƙwaƙwalwa. Ziyarar gida a tafi mutum biyu, musamman gidan da maigida ba ya nan. Taimakon kuɗi ya bi ta hannun ma'aji, a rubuta a littafi, kada ya fito daga aljihun fasto a asirce. A wajen addu'a, a nemi izini kafin ɗora hannu, kuma kai ko kafaɗa kawai. Babu addu'ar haihuwa ko ta warkarwa da ke bukatar taɓa ciki, ƙirji ko cinya, ko tuɓe tufafi, ko shafa mai a ɗaki. Wanda ya ce Ruhu ne ya umarce shi da haka, a tsayar da shi nan take.

Yara kuwa, manya biyu a kowane aji da kowace tafiya, kuma babu babban da zai kwana ɗaki ɗaya da yaron da ba nasa ba. Ɗalibar riƙo tana ƙarƙashin matar fasto, da wata mace a waje da take iya kai wa kuka.

Wasu na bin tsarin da Billy Graham, mai wa'azi ɗan Amurka, da abokan aikinsa suka ɗaukar wa kansu a garin Modesto a 1948, na ƙin keɓewa da macen da ba matarsu ba. Yana da amfani, amma in aka mai da shi gudun mata, sai mata su rasa makiyayi, kuma bai ce komai ba a kan yara maza.

Fasto marar aure fa, ba zai nemi aure cikin ikilisiyarsa ba?

A ikilisiyoyin bishara zai iya, amma a fili: ya sanar da dattawa da iyayenta tun farko, ya daina zama mai ba ta shawara, kuma kada ta kasance ƙasa da shekara 18 ko wadda ke ƙarƙashin riƙonsa. Limamin Katolika kuwa doka ta 277 ta kundin dokokin cocinsa ta ɗora masa zama ba aure.

Wani ya kawo ƙara. Me za a yi da farko?

A saurara, kada a ce "me ya kai ki ɗakinsa?". A rubuta maganar yadda aka faɗe ta, da rana da wuri. Kada a yi alkawarin cewa ba wanda zai ji. In fyaɗe ne, asibiti kafin komai: maganin kariya daga ƙwayar cutar sida yana aiki ne in an fara shi cikin awa 72, kuma takardar likita hujja ce a kotu. Kada a wanke tufafin, kada a goge saƙonni. Fyaɗe da lalata da yara laifuka ne a dokar Nijar, wurinsu komisariya ko jandarma, ba zauren dattawa ba. A dakatar da faston daga aiki har a gama bincike, kuma masu binciken su zo daga hedkwatar ɗarika, ba abokan cin tuwonsa ba.

Ayoyi biyu ake yawan karkatarwa. Matiyu 18:15, da ta ce ka je wurin ɗan'uwan da ya yi maka laifi ku biyu kaɗai, ba ta nufin a tura yarinya ta fuskanci wanda ya cuce ta ita kaɗai. Shaidu biyu ko uku na 1 Timoti 5:19 kuma ba dalilin ƙin bincike ba ne, don irin wannan aiki ba a yin sa gaban shaidu. Saƙonni, takardar likita da wasu da abin ya taɓa faruwa da su duk shaida ne. Aya ta 20 ma ta ce a tsawata wa shugaban da ya yi zunubi gaban kowa.

Katolika suna da nasu tsari?

Suna da shi. Dokar da Fafaroma Francis ya fitar a 2019 ta wajabta wa limamai da sistoci kai rahoto ga hukumar coci, ta kuma ce kowace dayosis, wato yankin da bishop ke kula da shi, ta buɗe hanyar karɓar ƙara. Tahoua tana ƙarƙashin dayosis ta Maraɗi. Neman lalata a wurin furta zunubi babban laifi ne da ake kai wa Roma.

Ba tonon asirin ikilisiya ba ne a gaban maƙwabta?

Wannan tsoron ne ya sa ake sauya wa mai laifi gari a ce an yi masa canjin aiki. Abin da aka bankaɗo a Boston ta Amurka a 2002 ke nan: ana ɗauke limamin Katolika daga wata majami'a a kai shi wata, ya sake aikata laifin. A Faransa, rahoton kwamitin bincike na Sauvé na 2021 ya ƙiyasta yara 216,000 da limaman Katolika, sistoci da sauran masu zaman zuhudu suka ci zarafinsu tun daga 1950. A ƙaramin gari kuwa, maganar ta riga ta kai kasuwa kafin dattawa su zauna; abin da maƙwabta ke jira su gani shi ne matakin da za a ɗauka.

In ya tuba, zai koma kan bagade?

Gafara daban, muƙami daban. Wanda ya taɓa yaro ko ya tilasta wa mace ba ya komawa aikin kiwo, ko a wata jiha. Sauran laifuka, ɗarika ce za ta yanke, bayan doguwar dakatarwa, da jin ta bakin wadda aka cuta, da biyan kuɗin maganinta. Duk ikilisiyar da za ta ɗauki sabon fasto ta kira shugabannin inda ya baro ta tambaye su kai tsaye dalilin tashinsa, kada ta tsaya kan takardar shaidar da ya zo da ita a hannu.