Waiwaye: Minti goma na farko a ɗakin agajin gaggawa

Duk sanda aka yi mummunan haɗari a hanyoyinmu, muhawara iri ɗaya ce ke tashi. Haka aka yi bayan gobarar tankar mai ta Majiya a Jihar Jigawa a Oktoban 2024, wadda ta ci rayuka sama da 150, haka kuma bayan ta Dikko a Jihar Neja a Janairun 2025. Wasu su ce babu motocin ɗaukar marasa lafiya, wasu su ce babu gadaje da na'urori. Wasu kuma su koma kan neman takardar 'yan sanda kafin a taɓa mai rauni, alhali Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana a mayar da mai buƙatar agajin gaggawa, wata dokar ta 2017 kuma ta wajabta karɓar wanda aka harba, da takarda ko babu. Duk gaskiya ne. Amma akwai tambayar da ba kasafai take fitowa ba: wanda Allah ya sa aka kai shi asibiti da sauran numfashi, hannun da ya fara taɓa shi ya san abin yi a minti goma na farko? Tambayar nan ta kusa shekara hamsin a duniya.

Farkon labarin sananne ne. A 1960 masu bincike a Baltimore ta Amurka suka nuna cewa danna ƙirji na iya riƙe ran wanda zuciyarsa ta tsaya. A 1976 wani likitan ƙashi, James Styner, ya faɗi da ƙaramin jirginsa a karkarar Nebraska. Matarsa ta rasu nan take, 'ya'yansa uku suka ji munanan raunuka, kuma abin da ya gani a asibitin ƙauyen da aka kai su ya tayar masa da hankali. Daga nan aka tsara kwas ɗin ATLS, na koya wa likitoci ceton ran mai mummunan rauni, aka fara koyar da shi a 1978, ƙungiyar likitocin tiyata ta Amurka ta rungume shi a 1980. Darasinsa na asali shi ne a fara da abin da zai fi saurin kisa: hanyar iska, sai numfashi, sai zubar jini, sai halin ƙwaƙwalwa, sannan a kware jiki a duba ko'ina. Ƙafar da ta karye, komai muninta a ido, ta jira.

Matsalar ita ce kwas ɗin an ɗinka shi ne daidai jikin masu hali. Yana da tsada, sai da izini ake gudanar da shi, kuma ya ɗauka akwai jini a ajiye, akwai hoto, akwai likitan tiyata a kusa. Likitan babban asibitin ƙaramar hukuma, wanda shi da nas ɗaya ke kwana, ba shi aka yi wa ba.

A nan ne aka yi wata kwana da ba a cika ambatonta ba, kuma a ganina ita ta fi shafarmu. A 1996, da goyon bayan ƙungiyar likitocin sa barci a tiyata ta duniya, Douglas Wilkinson na Oxford da Marcus Skinner na Ostireliya suka rubuta wani ɗan littafi na kula da mai rauni a inda kayan aiki suka yi ƙaranci. Suka kira tsarin PTC, wato kulawar farko ga mai rauni. A 1997 aka fara gwada shi a Fiji, tsibiran da ke Tekun Fasifik, inda mara lafiya kan yi tafiyar ruwa kafin ya ga ƙwararre.

Ba su sauya jerin matakan ba. Abin da suka sauya shi ne wa za a koya wa, da me, kuma wa zai koyar. Littafin kyauta ne. Likita da nas da sauran ma'aikatan lafiya aji ɗaya suke zama, domin tare za su tsaya a kan majinyacin. Ana koyon ɗaga muƙamuƙi don buɗe hanyar iska ba tare da motsa wuya ba, da danne rauni da ƙarfi har jini ya tsaya, da ɗaure ƙugun da ya karye da zanen gado, da lulluɓe majinyaci domin sanyi na hana jini daskarewa. Sa bututu a ƙirjin da iska ko jini ya taru a ciki kuwa, sau da yawa a haƙarƙarin akuya ko tunkiya daga mahauta ake gwada shi. Wani ya kwanta ya zama wanda ya yi haɗari, a yi ta maimaitawa har hannu ya saba.

Babbar hikimar tana cikin lissafin kwanakin. Kwana biyu a koyar. Rana ta uku a zaɓi waɗanda suka fi ƙwazo a koya musu yadda ake koyarwa. Kwana biyun ƙarshe su da kansu su koyar da sabon aji, baƙin suna gefe suna kallo. Sati bai cika ba baƙo ya tafi, ilimin ya zauna a gida. A 2003 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka littafin cikin kundinta na tiyata a asibitocin gundumomi, kuma tsarin ya kai ƙasashe sama da 70.

A daidai wannan lokaci, a 1998, Charles Mock da abokan aikinsa suka fitar da binciken da ya kwatanta birane uku. Cikin masu munanan raunuka, kashi 35 cikin 100 suka mutu a Seattle ta Amurka, kashi 55 a Monterrey ta Meziko, kashi 63 a Kumasi ta Ghana. Da suka ga yawancin masu rauni a Ghana direbobin haya ne ke kai su asibiti, sai aka koya wa direbobi sama da 300 taimakon farko. Duk wanda ya taɓa ganin an ciccibo mutum daga kwalta an cusa shi a a-daidaita-sahu, kai na reto, ya san darasin nan namu ne.

Abin da ya biyo baya takardu ne masu kyau: jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2004, ƙudurin taron lafiya na duniya na 2007, da kwas ɗin agajin gaggawa na farko da hukumar ta fitar tare da Red Cross a 2018. A Najeriya an buɗe cibiyar kula da masu rauni ta ƙasa a Abuja a 2014.

Sai dai a wurare da yawa horon ya zama bita: a yi shi a birni, a raba takardar shaida, a watse. Wanda ya je sau da yawa babba ne da ya daina kwanan asibiti. Wanda haɗarin ƙarfe biyun dare ke faɗo wa kuwa sabon likita ne, mai neman sanin makamar aiki ko mai bautar ƙasa, wanda ya karanta abin a littafi, ya ci jarrabawa, amma bai taɓa sa bututu a ƙirji ba. Ba laifinsa ba ne. Ƙwarewar hannu kuma dusashewa take in ba a taɓa ta, shi ya sa shaidar farfaɗo da zuciya kan ƙare bayan shekara biyu, ta ATLS bayan huɗu. Wanda ya ƙware kuma, in ya samu hanya, ya bar ƙasar da abin da ya iya. Ranar nan ta uku, wadda ke mayar da ɗalibi malami, ita ce muka fi tsallakewa, kuma ita ce ba na jin ana ambata idan muhawarar ta sake tashi.