Mene ne "tim" a shafin intanet?

Duk ɗan kasuwar Katsina da ya nemi a buɗe masa shafin intanet, da wuya bai ji an ce masa "sai mun sayi tim" ba. Tim, wasu kuma su ce jigo, shi ne shiryayyen fasalin shafi: launi, salon harufa, inda hoton kaya zai zauna, inda farashi zai fito. Rubutu da hotuna na mai shago ne. Tim kuwa kamar ɗinkakkiyar riga ce ta kanti, ana cire wannan a saka waccan, jiki yana nan yadda yake.

An fi jin kalmar a wurin masu aiki da WordPress, manhajar da ta fito a 2003, wadda sama da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya ke tafiya a kanta. Tana da dubban tim na kyauta. Na kuɗi kuma ana samunsu a kasuwanni irin su ThemeForest, da dala ake biya.

To, da wannan yawa, me ya sa samun mai kyau ke wuya? Yawancinsu ba don mu aka yi su ba. Samfurin da ake nuna maka cike yake da hotunan ƙwararru. Ranar da mai shadda a Ƙofar Ƙaura ya zuba nasa da ya ɗauka da waya a cikin shago, sai kwalliyar ta zube. Wasu kuma nauyi gare su, su cinye data, ga sabis yana rawa, mai saye ya gaji da jira ya koma WhatsApp. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne harufa: a rubuta "ƙwai" ko "ɗinki", sai ƙ da ɗ su fito a karkace ko su zama ɗan akwati, don salon harufan bai san su ba.

Akwai kuma na sata da ake rabawa kyauta a Telegram. A guje su. Ba sa samun sabuntawa, kuma sau da yawa an cusa musu abin da zai buɗe wa masu kutse ƙofa.

Kafin ka biya, ka ce a buɗe maka shi a ƙaramar waya da datarka, a sa hotunanka da farashi a naira, a rubuta sunan shagonka da Hausa ka gani.