Ƙarin tantanin ƙwaƙwalwa da ba a cika gani a karnuka ba

Tantani uku ne ke lulluɓe ƙwaƙwalwar kare da lakarsa, kamar yadda yake a jikin mutum. Ƙarin, wato tsiron, da aka fi samu a wurin shi ne meningiyoma, sunan da likitan fiɗa na Amurka Harvey Cushing ya raɗa a 1922, kuma shi ne kusan rabin duk ƙarin da ke tsirowa a ƙwaƙwalwar kare. Akwai wasu kuma da ba safai ake cin karo da su ba, waɗanda a hoton MRI sukan yi kama da meningiyoma har su rikita likita.

Ire-irensu

Mafi muni shi ne sankarar histiyosait, wadda ke fitowa daga ƙwayoyin garkuwar jiki. A wajajen tsakiyar shekarun 1980 Peter Moore na Jami'ar Kalifoniya da ke Davis ya bayyana cutar a karnukan Bernese, 'yan asalin Suwizalan, inda take bin zuriya tana kama saifa da huhu da hanta. Daga baya aka gano tana iya farawa a tantanin ƙwaƙwalwa kaɗai, sauran jiki lafiya lau. Likitocin dabbobi a Japan sun fi ganin wannan a karnukan Pembroke Welsh Corgi. Tana yaɗuwa da sauri, kuma ko da magani, yawanci watanni kaɗan kare ke yi.

Sai ƙari mai tsaba-tsaba a cikin ƙwayoyinsa, wanda Abrikosof na Rasha ya fara bayyanawa a 1926, a harshen mutum. A kare ba ya dunƙulewa sosai, shimfiɗuwa yake yi a saman ƙwaƙwalwa. Masana sun saɓa kan asalinsa.

Meningiyo'anjiyomatosis kuwa, wato yawaitar ƙwayoyin tantanin a kewayen jijiyoyin jini, ya fi kama karnuka masu ƙarancin shekaru, a gindin ƙwaƙwalwa ko laka.

Alamu da ganewa

Farfaɗiya ce kan gaba, musamman ga karen da ya manyanta bai taɓa yi ba. Akan ga kewaye wuri ɗaya, tangaɗi, makanta da sauyin hali. Inda haukan kare ya yawaita, dole a fara kawar da zatonsa, domin shi cikin kwanaki yake kisa kuma yana kama mutum. Tabbacin irin ƙarin sai an yanki tsoka an duba a madubin likita.

Magani

Fiɗa, gashin ƙarin da hasken radiyeshan, da ƙwayar maganin sankara ta lomustin. Ana ba da fenobabital saboda farfaɗiya, firednisolon kuma don rage kumburi.