Ɗakin harsashi da zaman dalma a bindigar gasa ta .22

Ɗakin harsashi, wanda masu harkar ke ce wa cemba, shi ne ɗan gurbin nan da ke gindin bututun bindiga, inda harsashi ke kwanciya kafin a ja kunama. A bindigogin gasar harbi masu cin harsashin .22 Long Rifle, girman wannan gurbi da yadda dalma, wato kan harsashin da ke fita in an harba, ke zama a bakinsa suna cikin manyan abubuwan da ke sa harbi ya taru wuri ɗaya ko ya warwatse.

Shi harsashin tsoho ne fa, tun 1887 kamfanin Stevens na Amurka ya fito da shi. Irin rimfaya ne, wato maganin da ke kunna albarushin yana cikin leɓen gindin kwanso, nan allurar bindiga ke buga wa, ba tsakiya ba. Dalmarsa ta gasa nauyinta kusan giram 2.6, faɗinta ɗaya da na kwanson, sai ɗan siririn gindi da ke shiga ciki, ga man da aka shafa mata a waje. Kuma gudunta bai kai na sauti ba, wajen mita 325 zuwa 330 a sakan.

To ga inda matsalar take. Mai harbi da manyan harsasai zai iya cika kwansonsa da kansa, ya tura dalma ciki ko ya ɗan fito da ita har ta dace da bindigarsa, amma shi rimfaya ba a sake cika shi, yadda ya fito daga masana'anta haka za ka harba shi. Tunda ba dama a taɓa harsashin, dole ɗakin za a gyara ya dace da shi kenan.

Ƙungiyar SAAMI a Amurka da hukumar CIP ta Turai su ke fitar da ma'aunin harsashi da na ɗakinsa. Ɗakin bindigar farauta ko ta wasa ana yin sa da faɗi da tsawo saboda ya karɓi kowane irin harsashi ko da datti, sai dai dalmar tana kwance ne sakaka, in an harba sai ta yi ɗan tsalle kafin ta kama zanen murɗen da ke cikin bututu, kuma dalma abu ce mai laushi, in ta shiga a ɗan karkace haka za ta fita tana lilo. Ɗakin gasa kuwa matsattse ne kuma gajere. Kana rufe sakata, wato ƙarfen da ke tura harsashi cikin ɗaki ya kulle bayansa, zanen ya riga ya ciji dalmar, ta zauna a tsakiya cak tun kafin wuta ta tashi. In ka zaro harsashin ba ka harba ba za ka ga shatin zanen a jikinsa, wasu ma da haka suke auna zurfin cizon. Akwai kuma na tsaka-tsaki da ake kira Bentz, an yi shi ne don bindigogi masu ɗura kansu, waɗanda sakatarsu ba ta da ƙarfin danna dalma cikin zane.

Zurfin cizon da ya kamata kam, maƙeran bindiga ba su daina gardama a kai ba. Wasu na son ya yi zurfi, wasu kaɗan, ga kuma batun gangaren bakin zanen, don gangare mai sauƙi ba ya yagar dalma. Abin da babu musu shi ne ɗakin ya zama a saiti ɗaya da ramin bututu. In rima, wato ƙarfen da ake yanka ɗakin da shi, ta kauce wajen yankan, duk lissafin sauran banza ne.

Sai tazarar da ke tsakanin fuskar sakata da gindin bututu. Kaurin leɓen kwanso wajen inci 0.043 ne, a bindigar gasa kusa da haka ake saita tazarar, saboda allura ta buga da ƙarfi iri ɗaya kowane harbi.

Matsin nan yana da nasa wahalar. Wani lokaci harsashin da ba a harba ba ya ƙi fitowa, ya maƙale a ciki. Harsashi irin CCI Stinger mai dogon kwanso bai kamata a sa shi a ɗakin gasa ba. Sannan toka da dalma na taruwa kamar zobe daidai inda bakin kwanso ya tsaya, in ba a goge ba saiti ya fara lalacewa.

A gasar mita 50 ta Olamfik, zoben maki 10 faɗinsa milimita 10.4 kacal. Shi ya sa ko mai bindigar gasa ƙirar Anschütz ko Walther ko Bleiker ba ya sayen harsashi haka kawai, yakan kai bindigar wurin gwaji na kamfanoni irin su Eley ko Lapua, a ɗaure ta a harba rukuni daban-daban na harsashi iri ɗaya, wanda ya fi taruwa a ɗakin bindigarsa shi zai saya da yawa.