Waiwaye: Masu Tirela da Kukan da Ba a Ji Sai An Kashe Inji

Duk wanda ya bi hanyar Kaduna zuwa Zariya ya san Mararrabar Jos, wanda ya bi ta Abuja kuwa ya san Tafa: tireloli da tankokin mai jere kafaɗa da kafaɗa a bakin titi, direbobi na barci a ƙarƙashin mota, yaran mota na fama da taya. Waɗannan mutane su ne ke ɗauke da kusan duk abin da ke zirga-zirga tsakanin arewa da kudancin Najeriya, daga shanun Potiskum da hatsin Dawanau zuwa siminti da fetur da kwantenonin tashar jiragen ruwa ta Apapa a Legas. Sun daɗe suna neman a gyara harkar, kuma buƙatunsu ba su canja sosai ba: titi mai kyau, rage shingaye da rasitai, wurin fakin, da kuɗin dako da zai rufe kuɗin gas, wato dizal.

Asali ba mota aka tsara wa wannan nauyi ba. Layin dogo ya iso Kano a 1911, kuma shi ne ya riƙa kwashe dalar gyaɗa da auduga da fatu zuwa bakin teku. Aikin gingimari a lokacin shi ne ta kawo kaya daga ƙauye zuwa tasha. Bayan yaƙin basasa kuɗin man fetur ya shigo, gwamnati ta zuba shi a kwalta, jirgin ƙasa kuma aka bar shi yana lalacewa har ya zama sai suna. Kayan da tarago ke ɗauka suka dawo kan taya.

Haka aka yi da mai. An shimfiɗa bututu na kusan kilomita 5,000 da ke haɗa matatu da daffo-daffo irin na Suleja, Kano, Gusau, Jos, Gombe da Maiduguri, aka buɗe matatar Kaduna a 1980. Nufin shi ne tanka ta yi lodi a daffon da ke kusa ta kai gidan mai. Da matatun suka durƙushe, masu fasa bututu kuma suka gama da sauran, sai tankar da aka saya don tafiyar kilomita 100 ta koma yin Legas zuwa Maiduguri. Asusun daidaita farashin mai da aka kafa a 1975 shi ya riƙa biyan kuɗin wannan doguwar jigila, don lita ta zama kuɗi ɗaya a Ikko da Sakkwato. A nan ne ƙungiyar masu motocin dako, NARTO, ta samu abokin gardama na dindindin. A lokacin gwamnati ce ke yanke kuɗin dako, ita ce kuma ke jinkirin biya, saboda haka shekara da shekaru kukan NARTO bai wuce biyu ba: a ƙara kuɗin, a biya bashi.

Titin da aka ɗora wa wannan kaya kuwa babu mai kula da shi yadda ya kamata. An kafa hukumar gyaran hanyoyi ta FERMA a 2002, sannan gwamnatin Obasanjo ta rushe tolget-tolget na manyan hanyoyin tarayya daga farkon 2004. Majalisa ta takwas ta zartar da ƙudirin kafa hukuma guda da za ta riƙe hanyoyin tarayya, amma Shugaba Buhari bai sa masa hannu ba. Gyaran titi ya ci gaba da jiran kasafin kuɗin shekara-shekara. Aikin Abuja zuwa Kano da aka bayar a ƙarshen 2017 ya isa misali: sai da aka kai ga soke kwangilar ɓangaren Abuja zuwa Kaduna a 2024 ba a gama ba.

Sai dai a faɗi gaskiya, masu motocin ma suna da nasu kason a lalacewar titi. Ƙa'idar ECOWAS ta iyakance nauyin da kowane layin taya zai ɗauka zuwa tan 11.5, amma wa ke aunawa? Mai mota yana ƙara lodi don tafiyar ta biya shi, titi ya farfashe, tafiyar kwana biyu ta koma kwana biyar, sai ya ƙara wani lodin don ya rufe asara. Jami'an gwamnati na cewa lodi ne ya kashe titi, direbobi na cewa titi ne ya kashe mota, kuma kowa yana da gaskiyarsa.

Batun shingaye shi ne ya fi ƙona wa ƙaramin mai mota rai, domin shi kuɗi ne a hannu, kullum. Dokar haraji ta 1998 ta haramta ƙarara a tare hanya don karɓar haraji a ko'ina cikin ƙasar. Duk da haka direban da ya ɗauko shanu daga Yobe zuwa Legas ko Fatakwal yana tafe da jakar rasitai: na ƙaramar hukuma, na kayan gona, na lafiyar dabba, na ƙungiya, ban da "na goro" da ba a ba da rasit a kansa. Babban kamfani mai ɗaruruwan motoci yana da lauyoyi da lambar wayar manya. Mutumin Potiskum ko Funtuwa mai DAF biyu, wanda ya sayar da gona ya haɗa ta biyun, shi dai sai ya biya ya wuce, ko motarsa ta kwana a gefen titi tumatir na ruɓewa.

Shekarar 2021 ce ta nuna wa kowa irin ƙarfin da ke hannun masu dako. A Fabrairu, bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan, haɗaɗɗiyar ƙungiyar fataken abinci da dabbobi ta dakatar da kai kaya kudu. Cikin buƙatunta, ban da diyya da kare rayukan mambobinta, har da a kawar da shingayen karɓar kuɗi. Motoci suka tsaya a Jebba, farashin tumatir da albasa da nama ya yi tashin gwauron zabo a Legas, a arewa kuwa kayan gwari suka yi kwantai. Cikin mako guda aka sasanta, gwamnan Kogi na lokacin Yahaya Bello na cikin masu shiga tsakani. Kaya suka ci gaba da tafiya, shingaye kuma suna nan.

A watan ne kuma hukumar tashoshin jiragen ruwa ta fara tsarin Eto a Apapa, inda sai an kira mota ta intanet kafin ta doshi tasha. Kafin nan tirela kan yi makonni a layi a kan gadoji. Cunkoson ya ragu, amma masu motoci suka ci gaba da kokawa kan 'yan kamasho da ke saye tikiti su sayar da tsada.

Sai Satumba, lokacin da gwamnatin Neja ta hana manyan motoci bin hanyar Minna zuwa Bida da take ginawa. Hanyar tarayya ta Lambata zuwa Bida kuwa ta mutu murus. Direbobi suka gindaya motocinsu suka toshe hanyoyin na kwanaki, reshen direbobin tanka na ƙungiyar ma'aikatan mai ta NUPENG kuma ya yi barazanar yajin aiki. Ba a fita daga Oktoba ba majalisar zartarwa ta amince kamfanin mai na ƙasa, NNPC, ya kashe naira biliyan 621 a kan hanyoyi 21 a madadin haraji, ciki har da ta Bida zuwa Lambata. Abin da takardun koke na shekaru suka kasa, toshe hanya ya yi shi a wata ɗaya, kuma kowane direba ya gane karatun.

Wannan ƙarfi a hannun masu dakon mai ya fi tattaruwa. Idan tanka ta tsaya kwana biyu, layi ya dawo gidajen man Abuja, minista zai kira taro. Haka aka yi a Fabrairun 2024, lokacin da NARTO ƙarƙashin Yusuf Lawal Othman ta janye motocinta saboda litar gas ta haura naira 1,000 alhali kuɗin dako bai motsa ba. Washegari aka daidaita. Mai dakon masara ba shi da wannan gata. Haka kuma abin da ke damun mai mota ba lallai ne shi ke damun direba ba. Mai mota na maganar kuɗin dako da farashin taya, direba kuwa na maganar albashi da kuɗin abincin hanya da wurin kwana da masu garkuwa da mutane. A teburin sulhu muryar mai mota aka fi ji.

Bayan gobarar tanka a Majiya ta Jigawa a Oktoban 2024, wadda ta ci rayuka sama da 150, da ta mahaɗar Dikko a Neja a Janairun 2025, hukumar kula da rarraba mai ta hana lodi a tankoki masu lita 60,000 daga 1 ga Maris 2025. Matakin yana da hujja, amma wanda ya ci bashi ya ƙera irin wannan tanki shi aka bari da asara, titin da ke kayar da motocin kuma ba a haɗa shi cikin hukuncin ba.

A tsakiyar 2025 matatar Dangote ta sanar da sayen motoci 4,000 masu amfani da iskar gas don ta riƙa kai mai kai tsaye ga gidajen mai. NARTO ta ce hakan barazana ce ga jarin mambobinta, NUPENG kuma ta shiga yajin aiki a Satumba kan 'yancin sababbin direbobin na shiga ƙungiya. Rigimar ta fi ƙarfin batun ƙungiya. Motar iskar gas ta fi ta dizal arhar tafiya nesa ba kusa ba, kuma mai tirela biyu ba shi da bankin da zai ba shi bashin canja inji. Idan kaso mai yawa na man ƙasar ya koma motocin kamfani guda, yajin aikin masu tanka ba zai ƙara tsayar da Abuja kamar da ba, alhali barazanarsa da toshe hanya ne suka ciwo naira biliyan 621 na titi a 2021, shi kansa kuma ya ciwo ƙarin kuɗin dako a 2024.